Yawan RAM Ɗin Da Kwamfutar Tafi-Da-Gidanka Ke Buƙata Domin Aikin Ofis: Bayani Ga Ma'aikata Da Jama'ar Karkara

Duk wanda ya san Tudun Wadan Zariya ya san wuri ne da ya daɗe yana cin abinci da takarda. A nan kusa aka kafa Kamfanin Gaskiya a shekarar 1945, kuma a Kongo aka buɗe makarantar horar da akawuna a 1947, wadda daga baya ta zama Cibiyar Nazarin Harkokin Mulki ta Jami'ar Ahmadu Bello, inda har yanzu ake koyar da sha'anin tafiyar da ƙananan hukumomi. Akawunan farko da tafireta da takardar kabon suka yi aikinsu. Waɗanda suka gaje su a yau kuwa, daga sakatariyar ƙaramar hukuma har zuwa shagunan buga takardu da ke jere a kan hanyar Kongo, da kwamfutar tafi-da-gidanka suke yi, wato wadda ake kira laftof.

Dalilin wannan bayani shi ne wata tambaya da ake yawan yi wa jami'an yaɗa labarai idan sun fita zagayen wayar da kan jama'a. Ma'ajin ƙungiyar manoma daga Giwa ko Soba, ko magatakardan hakimi, ko shugaban makarantar firamare, zai jawo mutum gefe ya ce an tara kuɗi za a sayi kwamfuta, mai shago ya ce akwai mai giga 4 akwai mai giga 8 akwai mai 16, shin wacce za a ɗauka? Tambayar ba ta wasa ba ce, domin sau da yawa kuɗin na jama'a ne, kuma idan aka yi kuskure sai an yi shekara huɗu ko biyar ana zaune da shi.

Giga iri uku ne, kada a gauraya su

Kafin a shiga maganar adadi, wajibi ne a warware wani ruɗani da ke sa a cuci mutane da yawa a kasuwa. Kalmar nan giga, wato gigabait, mudu ce kawai ta awon bayanai, kuma abubuwa uku daban-daban ake aunawa da ita. Akwai gigar data, wadda ake saya daga kamfanin waya domin shiga intanet, ana amfani da ita tana ƙarewa. Akwai gigar rumbun ajiya, inda takardu da hotuna ke zama ko da an kashe na'ura. Ita ce 'yar'uwar memori ɗin nan da muke sa wa a waya. Sannan akwai ta uku, wato ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu sana'ar ke kira RAM. A kanta wannan bayani ya tsaya.

Manomi zai fi kowa saurin gane bambancin biyun ƙarshe. Rumbu shi ne wurin da dawa ke zama shekara guda ba abin da ya same ta. Amma ba a sussuka a cikin rumbu. Sai an fito da dammuna an baje su a masussuka sannan aiki ke yiwuwa. To, rumbun ajiyar kwamfuta shi ne rumbu, RAM ita ce masussuka, injin sarrafawa kuma, wato furosesa, shi ne masu riƙe da taɓare. Idan masussuka tana da faɗi, sai a baje dami goma a lokaci guda, aiki ya tafi ba tsayawa. Idan kuwa 'yar ƙarama ce mai cin dami biyu, to dole kowane ɗan lokaci a ajiye taɓarya a kwashe wannan a mayar, a ɗauko wancan. Komai ƙarfin masu sussukar, rabin yininsu a jigila zai ƙare.

Haka ainihin abin yake faruwa a cikin na'ura. Idan RAM ta cika, Windows ba ta tsayawa cik, sai ta riƙa kwashe wani ɓangare na aikin tana ajiyewa a rumbun ajiya, ta dawo da shi idan an neme shi. Matsalar ita ce bambancin gudu. RAM irin ta DDR4 tana iya isar da bayanai kimanin giga 20 a cikin daƙiƙa guda, alhali tsohon rumbu mai faifai, wanda ake kira HDD, abin da yake iyawa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na giga ɗaya ba. Wannan ne sirrin kwamfutar da za a danna ta ta yi shiru, ɗan zoben nan yana ta juyawa, mai aiki ya je ya yi alwala ya dawo bai tarar da ta gama buɗewa ba.

Wani abin lura shi ne cewa RAM ba ta riƙe komai sai da wuta. Da zarar na'ura ta mutu, duk abin da ke kan masussuka da ba a mayar rumbu ba ya tafi ke nan. Saboda haka yawan RAM ba ya hana asarar aiki idan batir ya mutu aka kuma ɗauke wuta. Abin da ke hanawa shi ne sabon yatsa da danna maɓallan Ctrl da S a kai a kai.

Me ya sa abin da ya isa jiya bai isa yau ba

Tsofaffin ma'aikata sukan ce ai a da da 'yar ƙaramar kwamfuta suka shirya kasafin kuɗin ƙaramar hukuma sukutum, me ya sa yanzu ake neman a tatse su? Gaskiya suka faɗa, sai dai manhajojin ne suka ƙara nauyi. Windows XP da ta fito a 2001 tana tashi da megabait 64, kamfanin Microsoft kuma ya ba da shawarar 128, wato kashi ɗaya cikin takwas na giga ɗaya. Windows 7 ta 2009 ta nemi giga 1 ko 2, gwargwadon samfurin da aka ɗora. Windows 11 da ta fito a watan Oktoba na 2021 ba ta yarda da abin da ya gaza giga 4 ba. Kuma a fahimta, wannan adadi ƙa'idar shiga ce kawai, wato mafi ƙarancin abin da za ta tashi da shi. A kwamfuta mai giga 4, Windows 11 ita kaɗai tana cinye fiye da rabi tun kafin a buɗe takarda ko ɗaya.

Bugu da ƙari, shi kansa aikin ofis ya sauya kama. A shekarun baya mai buga takarda manhaja ɗaya yake buɗewa, ya gama ya rufe. Yau kuwa yawancin aikin hukuma ya koma cikin burauza, irin su Chrome da Edge. Jami'in tattara alƙaluman lafiya na ƙaramar hukuma a dandalin DHIS2 yake shigar da rahoton wata-wata na asibitocin sha-ka-tafi. Ma'aikacin ilimi yana da alƙaluman ƙidayar makarantu. Mai shagon buga takardu yana cike wa ɗalibai fom iri-iri a intanet. Kowane shafi da aka buɗe a burauza yana kama nasa wurin a RAM, kuma ba kasafai mutum ke tsayawa kan shafi guda ba: ga wasiƙun imel, ga WhatsApp inda shugaban sashe ke turo umarni, ga Excel a buɗe, ga wata takardar PDF da ake kwafowa daga ciki. Tun daga 2020, lokacin annobar korona, aka kuma ƙara da taron Zoom, wanda shi ma ba ƙaramin ci yake yi ba.

Akwai kuma wani ɗan rabo da ake cirewa ba a faɗa wa mai saye. Yawancin kwamfutocin ofis ba su da keɓantacciyar ƙwaƙwalwa ta nuna hoto, daga cikin RAM ɗin suke yanka. Shi ya sa mutum zai ga an rubuta giga 8, amma wanda ake iya amfani da shi ya ɗan gaza haka. Wannan ba ha'inci ba ne, haka ƙirar take.

To, nawa ya kamata a saya?

Giga 4 ta riga ta zama tarihi ga aikin ofis. Za ta buga wasiƙa, za ta buɗe shafi biyu ko uku, amma da an haɗa ayyuka sai ta fara nishi. Wanda yake da ita a hannu yana iya lallaɓawa, ko ya ƙara mata. Amma a fitar da kuɗin hukuma ko na ƙungiya yau a sayo sabuwa mai giga 4, wannan ɓarna ce. A yi hattara musamman da wasu sababbi fil a kwali masu araha, sirara masu ban sha'awa, waɗanda aka haɗa musu giga 4 da ɗan ƙaramin rumbu mai giga 64. Da yawansu ba a iya ƙara musu komai. Sau da yawa tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu mai lafiya ta fi su amfani nesa ba kusa ba.

Giga 8 ita ce matakin farko da za a kira na aiki. Ta wadatar ga sakatare mai buga wasiƙu da rahoton taro, da magatakardan hakimi, da malamin makaranta mai shirya sakamakon jarrabawa, da ma'ajin ƙungiyar gama-kai mai riƙe da lissafin bashin taki na mutum ɗari biyu ko uku. Word da Excel da burauza mai shafuka 'yan kaɗan za su zauna a cikinta lafiya, muddin dai rumbun ajiyarta SSD ne. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, za mu dawo kansa.

Giga 16 kuwa ita ce ra'ayin marubucin wannan bayani ga duk wanda kwamfuta ce gonarsa, wato wanda ke wuni a kanta: ma'aikatan baitulmali da ke shirya jadawalin albashi, jami'an tsare-tsare da kasafin kuɗi, masu tattara alƙaluman lafiya da na ilimi, da mai shagon buga takardu da abokan ciniki ke tsaye a kansa. Haka kuma duk ofishin da zai sayi sabuwar na'ura da niyyar ta yi masa shekara biyar, to ya fara daga 16. Kamfanonin ƙera kwamfuta da kansu sun nuna inda aka dosa. A 2024 Microsoft ya sanya giga 16 a matsayin mafi ƙaranci ga rukunin kwamfutocin da ya kira Copilot+, kuma a watan Oktoba na wannan shekarar kamfanin Apple ya ɗaga MacBook Air daga 8 zuwa 16.

Na taɓa zama a wani ofis a nan yankin Zariya, ba sai na kama suna ba, ranar da ake rufe jadawalin biyan wasu ma'aikatan wucin gadi. An sayo kwamfutoci sababbi ba a fi wata uku ba, kowace da jakarta, an ma yi ɗan bikin raba su. Duka masu giga 4 ne. Matashin da ke aikin yana buƙatar fayil biyu na Excel a buɗe, yana gwada sunaye da lambobin asusu da abin da ke cikin imel. Duk sauyawar da zai yi daga wannan zuwa wancan sai ya jira. Aikin awa biyu ya kai mu har bayan la'asar, aka ɗauke wuta, man janareta ya ƙare, takarda ba ta fita ba sai Litinin. Mutanen da suka yi sammako daga ƙauyuka suna zaune a gindin bishiya haka suka koma hannu rabbana, kowa ya yi asarar kuɗin mota. Bambancin farashi tsakanin abin da aka sayo da abin da ya kamata a sayo bai kai kuɗin jakunkunan da lemon bikin ba.

Giga 32 da abin da ya yi sama na masu aiki na musamman ne, kamar masu zanen gine-gine a sashen ayyuka, da masu taswirar filaye, da masu tace bidiyo. Shugaban da aikinsa karanta takarda da sa hannu ne ba ya buƙatarta. Abin takaici, a ofisoshi da dama rabon yana bin girman kujera ne: mafi ƙarfin na'ura tana teburin oga a rufe, akawun da ke ɗauke da nauyin aikin yana fama da ragowar. Kyautuwa ya yi a raba gwargwadon aiki. RAM ɗin da ba a cika ba ba ta ƙara gudu ko kaɗan, kamar dai share masussuka mai cin dami ɗari ne ga mai dami biyar.

Ba kowane nauyi ne laifin RAM ba

Kafin a kashe kuɗi, a tabbatar da ciwon. Windows tana da wurin da ke nuna wannan a fili. A buɗe duk ayyukan da aka saba yi a rana, sannan a danna maɓallan Ctrl da Shift da Esc tare. Wani allo mai suna Task Manager zai fito. A shiga sashen Performance, a danna Memory. A nan za a ga jimillar RAM ɗin da ke cikin na'urar, da nawa ake amfani da shi a wannan lokaci, da gudunta, da kuma yawan guraben da aka cike. Idan ana cikin aiki na yau da kullum aka ga ta cika maƙil ko saura ƙiris, to lallai ƙari zai yi amfani. Idan kuwa rabi take ci amma duk da haka na'urar tana jan ƙafa, to a nemi dalilin a wani wuri.

Mafi yawan lokaci rumbun ajiya ne. A wannan allon dai, idan aka ga sashen Disk yana tsaye a kan kashi 100 cikin 100 alhali ba wani babban aiki ake yi ba, to tsohon rumbu mai faifai ne ke riƙe da wuyan na'urar. SSD ba shi da faifan da ke juyawa, kuma ko mafi sauƙinsa ya ninka HDD gudu kamar sau biyar wajen kwafe babban fayil, ya kuma fi haka nesa wajen buɗe manhajoji. Yana kuma jure jijjiga, abin da ya shafi duk wanda ke goya kwamfuta a bayan babur zuwa ƙauye. Idan kuɗin gyara ɗaya kawai ake da su, kuma na'urar tana da giga 8 da HDD, to a fara da sauya rumbun, ba ƙarin RAM ba.

Sai kuma ƙura da zafi, waɗanda mu a nan ba baƙinmu ba ne. Ƙurar hunturu tana toshe fanka da ramukan shan iska, idan bazara ta shigo a watannin Maris da Afrilu sai injin sarrafawa ya ɗau zafi, ya rage gudun kansa da kansa domin kada ya ƙone. Ɗora kwamfuta a kan katifa ko dadduma yana ƙara tsananta wannan. Maganinsa a kai wa mai gyara ya buɗe ya share, ba sayen RAM ba. Haka nan idan shafin intanet ne ke ƙin buɗewa a ƙauyen da sabis ke da rauni, giga 64 ma ba za ta jawo sabis ba. Akwai kuma tarkacen manhajojin da ke tashi tare da na'ura ba a gayyace su ba, da ɗora manhajar kashe bairos biyu ko uku a wuri guda, kowace tana cin nata rabon.

Idan an je kasuwa

Yawancin jama'armu kwamfutar hannu suke saya, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka bayan ofisoshin can sun gama da su. Ana samunsu a shagunan PZ da ke Sabon Gari, wasu kuma sukan je har Kano ko Kaduna. Babu aibu a cikin wannan, domin irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad an ƙera su ne domin aikin ofis, kuma da yawansu suna da gurabe biyu na RAM da ake iya buɗewa a ƙara. Sai dai gani ya kori ji. Kada a dogara da takardar da aka manna a jikin na'ura, ko da bakin mai shago. A kunna ta a gabansa, a buɗe allon nan da muka ambata, a karanta adadin da ido.

Tambaya ta biyu da za a yi ita ce ko RAM ɗin ta cirewa ce ko ta liƙe. A da, kusan kowace laftof ana iya zare RAM ɗinta kamar yadda ake zare batirin rediyo. Yanzu da yawa daga cikin sirara an narka musu ita da dalma a jikin babban allon na'urar, abin da aka saya da shi da shi za a mutu. Mai giga 8 da ke da gurbi a buɗe ta fi mai giga 8 da aka liƙe daraja, domin ta farkon ana iya mayar da ita 16 baɗi idan an sayar da amfanin gona. Idan kuwa liƙaƙƙiya ce, to kada a yarda da ƙasa da 16.

Ta uku ita ce shekarun injin sarrafawa, kuma a nan ne ake yawan ruɗar mutane da sunan i5 da i7. Waɗannan sunaye ba sa nuna sabunta. Lambar da ke biye ce ke nunawa. Idan an ga i5-8250U, lambar 8 ta farko tana nufin zubi na takwas, wanda ya fara fitowa a 2017. Idan an ga i7-3520M, zubi na uku ne, na 2012, komai girman sunan i7 ɗin. Muhimmancin wannan shi ne Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, in ban da wani shirin ƙarin wa'adi na gyaran tsaro da ya ware wa ɗaiɗaikun masu amfani zuwa 13 ga Oktoba, 2026. A wannan rana ta 2025 kuma tallafin Office 2016 da Office 2019 ya ƙare. Windows 11 kuwa a ƙa'ida ba ta karɓar injinan Intel da suka gaza zubi na takwas, sai 'yan kaɗan ƙwarai. Masu gyara suna da dabarar cusa ta a kan tsofaffin na'urori, kuma tana tashi, amma kamfanin bai ɗauki alkawarin ci gaba da kula da irin waɗannan ba. Saboda haka loda giga 16 a kan na'ura 'yar zubi na huɗu domin riƙe bayanan albashi ko na marasa lafiya, tufka ce da warwara.

Ga wanda ke da tsohuwar na'ura kuma ba halin sauyawa, akwai mafita. Manhajar Linux Mint kyauta ce, ba ta da nauyin Windows 11, kuma tana zuwa da LibreOffice mai buɗe takardun Word da Excel. Ta dace da makaranta ko ƙungiya, amma a fara tabbatar da cewa firintar ofis da manhajojin da hukuma ta wajabta suna aiki a kanta.

Wajen ƙarin RAM kuma, ba kowace ce ke shiga kowace na'ura ba. DDR3 da DDR4 da DDR5 kowace da wurin tsagarta, ba a musanya su, kuma wanda ya danna da ƙarfi zai karya gurbin. A cikin DDR3 ma akwai mai alamar L a ƙarshe, mai cin wuta kaɗan, wadda wasu na'urorin ba sa karɓar wata sai ita. Mafi sauƙi shi ne a tafi da kwamfutar shagon, a sa a gwada a wurin. Guda biyu masu girma ɗaya, kamar 8 da 8, sun fi guda ɗaya mai 16 ɗan gudu, domin na'urar tana aiki da su a lokaci guda. Wanda zai sa da kansa ya kashe na'urar, ya cire caja da batir idan mai cirewa ne, ya taɓa wani ƙarfe tukuna. Wutar nan da ke tartsatsi a jiki lokacin hunturu idan an taɓa ƙofar mota, ita kaɗai ta isa ta lalata RAM. A kuma duba cewa Windows ɗin da ke kai samfurin 64 ce, domin tsohon samfurin 32 ba ya iya amfani da fiye da giga 4 ko nawa aka sa masa.

Dangane da farashi, ba za mu kawo adadi a nan ba, domin kayan duka na waje ne, suna bin dala, kuma tun da aka saki darajar naira a watan Yuni na 2023 farashin wata guda ba ya zama na watan gaba. Akwai kuma wani dalili daga can nesa. Kamfanoni uku ne ke ƙera mafi yawan RAM ɗin duniya, wato Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu da Micron na Amurka. A ƙarshen 2025 farashinta ya yi tashin gwauron zabo saboda manyan cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira sun yi wa kayan rububi, har Micron ya sanar a watan Disamba na wannan shekarar cewa zai daina sayar wa ɗaiɗaikun mutane da samfurinsa na Crucial. Abin da wannan ya koya wa mai saye shi ne kada ya ɗauka cewa ƙari zai yi araha nan gaba. Idan kuɗin 16 sun samu yau, a saya yau.

Ga masu sayen kayan hukuma

Dokar sayen kayayyakin gwamnati ta Jihar Kaduna ta 2016 ta shimfiɗa hanyoyin da ake bi, amma doka ba za ta rubuta wa ofis abin da yake buƙata ba. Takardar neman kaya da aka rubuta mata "laftof guda goma" kawai, ko "Core i5 guda goma", ta bai wa ɗan kwangila damar kawo mafi arha da ya samu, kuma ba za a ce ya saɓa yarjejeniya ba. A rubuta yawan RAM da lamba, a rubuta cewa rumbun SSD ne mai giga 256 ko 512, a rubuta zubin injin sarrafawa, a faɗi ko sabuwa ake so ko ta hannu, a nemi Windows mai lasisi, a kuma nemi garanti a rubuce da adadin watanninsa. Yana da kyau a tuntuɓi waɗanda za su yi aiki da na'urorin kafin a rubuta, domin su suka san abin da suke buɗewa a rana.

Ranar karɓar kaya, kada ma'ajin sito ya ƙirga kwalaye kawai ya sa hannu. A kira wanda ya san kwamfuta a cikin ma'aikata, a buɗe kowace ɗaya, ba guda ɗaya a madadin sauran ba, a kunna, a karanta RAM da rumbu da injin sarrafawa. A shigar da waɗannan a littafin sito tare da lambar jikin kowace na'ura da sunan jami'in da aka damƙa wa. Duk lokacin da aka kai wata gyara waje, a sake dubawa idan ta dawo a gwada da abin da ke rubuce, domin RAM ba ta fi ɗan yatsa tsawo ba, kuma zare guda ɗaya daga cikin biyu ba ya hana na'ura tashi. Haka nan idan an yi wa jami'i sauyin wurin aiki, a yi wannan dubawar kafin a sa hannu a takardar miƙa kaya.